Faifan Ashirin da Takwas

Wannan keke bai san hira ba.
Aiki ɗaya ya iya tun da aka ƙera shi:
ka taka, ya danne bakin aljihu,
ya soka arba'in da biyu, ya datse zare, ya yi tsit.
Shekara goma sha ɗaya ina gabansa a Sabon Gari,
bai taɓa ƙara ɗaya ba, bai rage ba.

Ranar Litinin sai ga Alhaji Labo
da wandunan ƴan lakwal ɗari uku.
Yadin ba shi da jiki, in ji shi,
arba'in da biyu cinye shi take yi.
A mariƙin bel gajere yake so,
ashirin da takwas, kuma kafin Juma'a.

Na ce to. Baki ya riga hankali.

Sabbin kekuna, an ce, maɓalli ake latsawa.
Nawa sai an kwantar da shi kamar ragon suna,
a buɗe ciki, hannu ya sha baƙin mai,
kafin a kai ga faifan ƙarfe
mai kwarmi a fuska, yana lanƙwasa
kamar Gulbi in ya doshi Tibiri.
Wata ƴar taya ke bin kwarmin,
inda ta karkata nan ƙyalle ke karkata.
Allura ba ta da ra'ayi.
Abin da aka sassaƙa mata shi take bi.

Faifai uku Baba Nomau ya sayo shi da su,
Allah ya jiƙansa. Biyu na sani.
Na zazzage akwati, na ɗaga tabarma,
Isuhu ya zaga ƴan tsohon ƙarfe har la'asar,
ya dawo da murfin injin niƙa.
Na kira Kano, aka ce jaka arba'in,
shi ma sai bayan sati biyu.

Laraba da yamma na tafi Bagalam
gaida Inna Kuluwa, ba don komai ba,
don dai in sami inda zan yi ƙorafi.
Tana tsakar gida tana matse awara.
Bisa buhun, ruwa na ɗiga,
ga shi zaune, ya yi tsatsa a gefe,
da lamba biyu da takwas a goshinsa.

Shekara shida, ta ce, yana min aiki,
bai taɓa neman mai ba.
In za ka ɗauka, kawo mai nauyinsa.

Da magariba na kai mata arba'in da biyu.
Ta jinjina shi a hannu, ta ce zai yi.

Kalanzir da tsohon buroshi,
har tsakar dare ina sakace kwarmi,
warin waken suya na tashi daga ƙarfe.
Can ƙasa na ga zanen ƙusa,
hannun Baba Nomau, alamar inda ake dosawa.
Na daidaita shi da nawa zanen,
na canza haƙora biyu na baya,
na ɗaure ƙusoshi uku, sannu, kowace da rabonta.

Na juya da hannu tukuna.
Ƙas! Allura ta tafi.
Na manta madanni, na da ne, bakinsa daban.
Isuhu ya kalli rufi, bai ce komai ba.

Asuba wuta ta dawo.
Na sa ƙyalle, na yi bisimilla, na taka.
Ashirin da takwas. Tsit.

Ɗinkin ya kwanta kamar ƙwayar shinkafa.
Amma ƙafata ba ta sauka ba,
kunnena na nan a buɗe
yana jiran sha huɗun da suka saura,
su kuwa suna Bagalam
a kan buhun awara.